Zumar da Lyall Ya Ɓoye

Da likitar dabbobi ta garin Warrnambool ta ce kyanwarsu Tuppence tana da ciwon suga, Noreen Tapscott ba ta yi kuka ba, biro ta ciro. Shekara talatin ta yi tana koyar da lissafi, kuma tun da ta yi ritaya ba ta samu wanda za ta gyara ba sai mijinta Lyall.

Likitar ta rubuta allurar insulin safe da yamma. Ta ce nan gaba za a raba kyanwar da busasshen abinci a koma na gwangwani, wanda sitacinsa bai kai kashi goma cikin ɗari ba, amma sannu a hankali, kuma kada a sauya komai sai an gaya mata. Noreen ta ji kashi goman. Sauran maganar ta bar ta a asibiti.

Gwangwanayen ba sa faɗin yawan sitaci, don haka ta riƙa tsayuwa a kanti da tabarau a kan hanci, tana cire ruwa da mai da sauransu daga ɗari. Masu romo duk suka faɗi jarrabawa, don da gari ake kaurara romon. Ta samu mai kashi takwas, ta raina shi. A ajinta ma ba ta taɓa yabon wanda ya tsallake da kyar ba. Sai da ta tono wani niƙaƙƙen kifi mai kashi biyu hankalinta ya kwanta. Da zafinta ta bi kicin ta kwashe sukari da zuma da biskit ta kyautar, wai kada kyanwa ta lasa. Lyall ya ce shi dai bai taɓa ganin Tuppence ta buɗe kwalba ba.

A rana ɗaya ta sauya abincin duka, allura kuwa tana nan yadda take. A kwana na uku da hantsi Tuppence ta taso daga tabarma tana tangaɗi, ta faɗi gefen firiji. Noreen ta kira asibiti. Likitar ta ce sugan ne ya faɗi ƙasa, a shafa mata zuma a dasashi yanzu, sannan a kawo ta.

Noreen ta tsaya tana kallon kabad ɗin da ta share da hannunta.

Lyall ya fita rumfar kayan aikinsa ya dawo da kwalbar zuma, an sha rabi, da cokali a ciki.

"Tun yaushe?" in ji ta, tana shafawa.

"Malama, yi aikinki tukuna, kya ba ni maki daga baya."

Kafin su kai asibiti kyanwar ta ɗaga kai. Likitar ta rage allurar, ta yi wa Noreen faɗa a tsaye, irin wanda ita Noreen ta saba yi wa 'ya'yan mutane, ta kuwa sunkuyar da kai ta sha.

Bayan wata huɗu sugan Tuppence ya daidaita, aka dakatar da allurar gaba ɗaya. Maƙwabta masu kyanwa suka fara aiko wa Noreen hotunan gwangwani tana yi musu lissafi, kuma kowa sai ta fara ce masa ya kira likita kafin ya taɓa kwanon kyanwarsa, da muryar wadda ta san haka tun fil azal.