Bindigar da Ba Ta Laifi

"Bindigar nan ba ta taɓa cin amanar sojan da ya kula da ita ba." Haka aka rubuta da jan fenti a bangon ma'ajiyar makamai, kuma shekara goma sha tara ke nan Saje yana zaune a ƙarƙashin rubutun, yana gyaran bindigogin da ba su taɓa cin amanar kowa ba.

Goggo sojoji ke ce wa bindigar, don ta girmi duk wanda ya saɓa ta. Ga nauyi kamar an jiƙa taɓarya, ga tsawon da ba ya shiga mota sai da lallashi. In ta yi tari ta mari kuncinka, kunnen dama ya kwana uku yana kuka. Duk wannan ana yafe wa tsohuwa. Abin da ba a faɗa a gaban manya shi ne, in ta yi zafi ƙura ta shige ta, kwanson harsashi kan maƙale a cikinta. Mariƙin da ake ja a fitar da shi kuwa can gaba aka dasa shi, inda hannun mutumin da ke kwance ba shi da ƙarfi. Dabarar ɗaya ce: ka miƙe, ka kafa gindinta a ƙasa, ka taka mariƙin da diddigen takalmi. Littafin soja ya hana. Saje ne ya koya wa kowa, har da ƙanensa Dogo.

Ranar da ta maƙale wa Dogo ana tsakiyar musayar wuta, sai ya miƙe a inda kowa ke kwance. A ƙugu aka same shi.

*

"Yaya, sun ce takardarka kawai ake jira," in ji matar Dogo, tana miƙa wa Saje ruwa. "In rauni ne a bakin aiki, za a bar mu a ɗakin nan na bariki. In sakaci ne, mako biyu za a ba mu mu tashi."

"Me take cewa?" Dogo ya tambaya daga kan gado.

"Juyo kunnen hagun, malam," ta ce. "Na daman ai ka bai wa Goggo sadaka."

Dogo ya yi dariya har ciwon ya katse shi. "Yaya, in ka koma ka gaishe min da ita. Ka ce raino ya yi kyau."

Saje ya kafa kai a kofi, ya daɗe bai ɗago ba.

*

Gurbi biyu ne a takardar: rashin tsabtace makami, ko saɓa ƙa'idar aiki da shi.

"Ranka ya daɗe, babu gurbin laifin bindiga," in ji Saje.

"Saboda ba ta da shi," Manjo ya ce, bai ɗago daga jarida ba. "Ba ka karanta bangonka ne? Wa ya sa hannu cewa lafiyarta ƙalau kafin a fita?"

"Ni ne."

"Wa ya koya musu taka ta da takalmi?"

Saje ya mayar da ido kan takardar.

"To, ka ga. Ko ɗakin ƙanenka kaɗai ya tashi, ko har da naka. In naka ya tashi, ina za ka ajiye gurgun?"

Saje ya tuna 'ya'yansa shida. Ya nemi ƙaryar da ke cikin maganar Manjo, bai samu ba. Ya sa alama a gurbi na biyu. Da ya koma ma'ajiya ya zaro kwanson da filaya, ya shafa wa Goggo mai, ya mayar da ita layi, don akwai sababbin ɗauka da ke jiran makami.

*

Da wa'adi ya cika, aka ɗauko Dogo a kan katifarsa aka shimfiɗe a kusurwar falon Saje. Matarsa ta ɗaura igiya, ta rataya zane ya zama labule, ta jera tukwanenta a bayan kujera ba tare da ko ɗaya ta yi ƙara ba.

"Yaya," in ji Dogo, "wai me ka rubuta musu ne?"

Saje ya zagaya ta gefen kunnensa na dama, ya durƙusa, ya faɗa masa duka.