Ranar da Lao Teng Ya Ɗaura Bututu a Makance

Ni mai dafa abinci ce, ba ruwana da haƙa. Amma na daɗe ina bin masu haƙar rijiyar gas da tukwanena a duwatsun Sichuan, kuma abin da na gani ran nan, har yau idan na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

Bututun haƙa guntaye ne ake murɗa wa juna, kan wannan ya shige bakin wancan, haƙora su kama haƙora. To, mahaɗa ɗaya ce ta warware mana a can ƙasa, zurfin wajen kilomita shida, sauran bututun ya zauna a gindin rijiya. In ba a kamo shi ba, siminti za a zuba a rufe, aikin shekara biyu ya bi ruwa. Ga shi ita ce rijiyar ƙarshe ta Lao Teng, shugaban masu haƙa, kafin ya yi ritaya.

Da rana na kai musu taliya saman dandamalin haƙa, ba wanda ya kalle ta, har Du Mai Tumbi da bai taɓa yi wa kwano kawaici ba.

"Yaya Pu, yau ko gishiri kika manta ba mai ganewa," in ji shi.

"Kai da ma ka san ɗanɗano ne? Haɗiya kawai ka iya."

An riga an zura sabon bututu har ya taɓa na ƙasa. Lao Teng ya sa aka rage ƙarar inji, ya cire safar hannu, ya ɗora tafinsa a jikin ƙarfen, ya rufe ido. Sai ya ce a juya hagu, a hankali.

"Maigida, hagu fa warwarewa ce!" Du ya faɗa.

"Rufe min baki, Tumbi. Sai haƙori ya faɗa gurbinsa tukuna. In ya hau a karkace, mun gama yawo."

Na kalli dutsen da ke gabanmu, wanda hazo ya rufe wa kai, na tuna cewa abin da tsohon nan yake lalube ya ninka shi zurfi, a cikin duhu da zafin da ba mahaluƙin da ya taɓa leƙawa. Ni da zare ke ba ni wahala a ƙofar allura! Tsoro ya kama ni, na ji kaina 'yar mitsitsiya.

Ban ji komai ba, ban ga komai ba. Shi kuwa ya buɗe ido.

"Ya zauna. A juya dama yanzu."

Aka murɗa, aka ɗaure, aka fara ja. Allurar ma'aunin nauyi ta motsa, ta hau, ta wuce nauyin sabon bututun, ta ci gaba da hawa. Duk abin da ke ƙasan nan ya taso, rataye da haƙoran da ba su fi tsawon tafin hannuna ba. Du ya fashe da kuka kamar an yi masa mutuwa, ni ma hawaye nake yi ina zaginsa.

Lao Teng kuwa ya koma gefe. Ya zauna a kan matakala, ya jawo kwalbar shayinsa, ya kama murfin. Ya gwada, ya sake gwadawa, murfin ya ƙi. Ya miƙo min.

"Ƙanwata, buɗe min."