Wanda aka miƙa wa kube

Shekara goma sha ɗaya ina tashi kafin asuba saboda Zulfa. Mu masu koyar da zamiyar ƙanƙara a nan Cape Town ba a bar mana filin ƙanƙarar sai da sassafe, kafin 'yan makaranta da masu soyayya su zo su kwarzane shi. Tana da shekara huɗu uwarta Moerieda ta kawo mini ita, hanci na yoyo, tana kuka wai sanyi. Ni na koya mata faɗuwa kafin na koya mata tsayuwa. Yanzu shekararta sha biyar, tana tsalle ta juya sau uku a sama ta dira da ƙafa ɗaya, kuma duk wanda ya san harkar, da ya ga yadda take riƙe hannunta na hagu ya san daga wurin Gadija Salie ta fito.

Bana aka kawo gasar matasa ta ƙasa da ƙasa garinmu. Yara suka zo daga Japan da Koriya da Jamus da Kanada, Zulfa ce kaɗai yarinyar da za ta tsaya wa ƙasarmu. Ban taɓa tsayawa bakin shingen fili a matsayin koci a irin wannan taro ba, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya kwaɗaitu. Har sabuwar rigar sanyi na saya.

Ni da bakina na ba Moerieda shawara ta tura yarinyar Jamus a watan Yuli, ta yi sati shida a hannun wata Madam Brandt don ta ƙara gogewa. Zulfa ta dawo da tsarabar cakulan, ta ci gaba da zuwa horo kullum. Ranar Lahadi kuma tana gidana, ta cinye mini koesister shida, fanken nan na garinmu, tana lasar kwakwar da ta maƙale a yatsunta, ina yi mata faɗa tana dariya.

Ranar gasar, Asabar da rana, na lura Moerieda na ta zille mini. Na ritsa ta a bakin ɗakin sauya kaya.

"Ke lafiya? Tun safe kike kauce mini. Warin kifi nake yi ne?"

"Haba, Anti Gadija. Gabana ne ke ta faɗuwa."

"Ke da ba ke za ki yi tsallen ba? Je ki zauna kafin ki sume mana a nan."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ta wuce. Madam Brandt ma ta zo da ɗalibanta biyu. Doguwa ce, ba ta yawan magana. Ta kama hannuna ta ce na yi aiki mai kyau a kan Zulfa. Ni kuwa wawiya har godiya na yi mata.

Aka kira rukunin su Zulfa, su shida. Takalmin ƙanƙara wuƙa ce a ƙasansa, ba a taka siminti da ita, don haka kowane yaro da kuben roba yake tafiya har bakin ƙofar fili. A nan zai zare kuben biyu ya miƙa wa kocinsa. Babu wata doka da ta rubuta haka, amma a sana'armu wanda aka miƙa wa kube shi ne mai yaro. Shi za a nema idan an fito, shi zai zauna da yaron a benci ana jiran maki.

Na tsaya inda na saba, dama da ƙofa, na miƙa hannu ban ma duba ba. Zulfa ta zare na hagu, ta zare na dama. Ta ɗan karkata kafaɗa, ta miƙa su ta saman hannuna. Madam Brandt ce a bayana, ta karɓa ta sa a aljihu.

Hannuna ya daɗe a miƙe. Desmond mai tsaron ƙofa, wanda muka yi shekara ashirin tare a filin, ya sunkuyo.

"Anti, sauke hannun. Kyamara na kanki."

Na ɗaga kai wajen babban allo. Ga hoton Zulfa, ga tutarmu, ga shekarunta, a ƙasa kuma inda ake rubuta sunan koci an sa H. Brandt. Wannan suna ba ranar gasa ake ba da shi ba. Takarda ake cikewa, a tura tun watanni kafin ranar.

Nan take zuciyata ta kama Moerieda. Dama na san ta da son abin Turai, ko tukunya ce sai ta duba ƙasanta ta ga inda aka ƙera. Na ce ita ce ta juya mini yarinya. Na ma fara shirya abin da zan faɗa wa Zulfa, cewa ban riƙe ta ba, kuma ranar Litinin ta zo da asuba kamar kullum. Haka na riƙa lallashin kaina har aka sa kiɗanta.

Ta yi wasan da ba ta taɓa yin irinsa ba. Tsallen nan da muka yi shekara huɗu muna fama da shi, wanda ya taɓa tsaga mata haɓa na riƙe ta a mota har asibiti, ta dira shi cif. Jama'a suka miƙe. Na so in yi murna, baƙin ciki ya hana ni.

Da ta gama gaida jama'a ta taho bakin ƙofa tana haki. Sabo ya ja ta, ba ta nufi Madam Brandt ba, wurina ta zo kai tsaye. Sai da ta iso ta tuna. Muka tsaya ido cikin ido, shinge a tsakaninmu.

"Kin yi kyau, 'yar nan," na ce. "Mamanki ce ta sa ki, ko? Faɗa mini kawai, ba komai."

Na ba ta hanya a buɗe. Da ta gyaɗa kai, da na yarda, ko da ƙarya ce.

"A'a, Anti. Mama tun watan Yuli take roƙona in gaya miki. Ni na cike takardar, tun ina can."

"Tun Yuli."

"Na ga idan na faɗa za ki daina koya mini kafin gasa."

Ba ta faɗe shi da rashin kunya ba. Bayani take yi mini, irin na wanda ya yi lissafinsa ya ga ya fita daidai. Madam Brandt ta taɓa kafaɗata a hankali, don na tare ƙofa. Na matsa gefe suka wuce benci tare.