Mujiyar Bayan Rumbu

Shekara da shekaru mujiya na zaune a kogon kukar da ke bayan gidan Malam Daudu, a wani ƙauye kusa da Roni, shekara da shekaru kuma matarsa Dela na tsine mata. Kukan tsuntsuwar ma da sauƙi. Abin da ke ɗaga wa Dela hankali shi ne wasu 'yan dunƙule baƙaƙe masu gashi da take tararwa da safe a gindin kukar, dab da rumbun geronsu. Ita dai ta riga ta yanke hukunci: asiri ne wani maƙiyi ke aikowa ta bakin mujiya. Ba ta taɓa sa musu hannu ba, sai dai ta share su da tsintsiya tana addu'a, ta tona rami ta binne.

Daudu ya gaji da wannan magana tun gemunsa na baƙi. Sai ga shi bana 'yarsu Fatu ta zo gida haihuwa, Dela kuwa ta hana shi sakat.

"Malam, tsuntsuwar nan ba za ta yi wa jikana kuka a ka ba," in ji ta. "Ko ita ko ni a gidan nan."

Bai yarda da komai ba, kunnensa kawai yake so ya huta. Ya jingina tsani, ya tura hayaƙin barkono cikin kogon, mujiya ta fice da rana tsaka tana tangaɗi, shi kuma ya cusa ƙaya ya toshe ramin. Fatu ta sauka lafiya. Dela ta bi maƙwabta gida-gida tana ba da labarin dabararta, kai ka ce ita ce ungozomar.

Kafin bazara ta yi nisa ɓeraye suka mamaye rumbu. Geron nan shi ne abincinsu har kaka, a ciki kuma irin shukarsu yake. Daudu ya ɗana tarko, suka cinye ƙuliƙulin suka bar masa tarkonsa. Ya sayo magani a kasuwar Gwiwa, kaji biyu suka mutu, ɓeraye na nan daram. Ya aro kyanwa, ta kwana ɗaya ta koma gidansu. Duk damin da ya sauko da shi, rabinsa ƙaiƙayi ne da kashin ɓera. Ya gaji, gajiyar da ko faɗa ba ya iya yi.

Wata safiya yana haƙa a gindin rumbu don ya toshe ramukansu, fartanyarsa ta tono tulin abin da Dela ke binnewa. Ya tsugunna ya ɗauki ɗaya, ya murje shi da yatsa. Sai ga ɗan ƙoƙon kai mai dogayen haƙora biyu a gaba, naɗe cikin gashi. Ya fasa wani, haka. Ya fasa wani.

"Dela," ya ce, "zo ki ga asirinki."

Ta zo tana ja da baya, ta leƙa tafin hannunsa. "Wannan ai kan ɓera ne."

"Ɓerayenmu ne. Mujiyar ce ke haɗiye su, ta amayar da gashi da ƙashi. Gadin rumbu take yi mana, muna zaginta."

Dela ta juya ta nufi inda tsani yake. Ita da kanta ta jawo masa tsanin, ta riƙe har ya hau da gwiwoyinsa masu ciwo, ya zare ƙayar daga kogon. Babu komai a ciki sai baƙin hayaƙi.

Bayan magariba suka zauna a tabarma suna fuskantar kukar. Dela, wadda a da take toshe kunne idan tsuntsuwar ta fara, ta karkata kai tana saurare.

"Malam, ka ji wani motsi?"

"Na ji," in ji Daudu. "A cikin rumbu ne."