Dalilin Sunan Naydan

Wata bakwai Naydan ya yi yana zarya a ofisoshin rajista na garin Pirot, yana neman iyayensa na asali. Sunansa na nufin "tsintacce", kuma matar da ta raine shi ta rasu ba ta yi masa bayani ba. Ko takarda ɗaya bai samu ba.

Da ya gaji, ya je ƙauye ya tarar da gwaggonsa Stamena tana gasa tattasai, ya faɗa mata abin da yake nema.

"Kai, sakarai! Wadda ta raine ka ita ta haife ka," in ji ta. "Yayyenka uku sun mutu suna jarirai. Shi ya sa ta ajiye ka a mararraba, maƙwabci ya tsinto ka ya mayar mata da kai, don mutuwa ta ɗauka ɗan wani gida ne."

"Gwaggo, shekara hamsin ba mai faɗa mini?"

"Wa ka tambaya? Miƙo mini kwanon can."