Gaya Biyu Ce

Isufu yana tsaye a tashar Matameye, har yanzu yana kallon hanyar da motar tsohuwarsa ta bi, yana jin kansa gwanin dabara, sai wayarsa ta yi ƙara. Yunus ne, direban kamiyon albasa, wato babbar motar dakon kaya.

Shi fa Isufu, in dai maganar tafiya da araha ce, babu mai gaya masa komai. Ranin duniya a Kano yake cinsa yana tura kurar ruwa, ya san wace mota ake hawa a baya, ya san wane kwandasta ake roƙo. Da labari ya zo daga Kumasi cewa Khadija, ƙanwar uwarsa Kande, tana kwance rai a hannun Allah kuma sunan yayarta kawai take kira, shi ya tsara komai. Kuɗin motar bas har Ghana ba su da shi. Sai ya samo Yunus, ɗan garinsu, wanda zai ratsa Benin da Togo da lodin albasa, ya kuma yarda ya ba tsohuwa kujerar gaba saboda Allah. Sharaɗi ɗaya ne: a kawo ta Gaya kafin gobe da yamma, domin albasa ba ta jiran kowa.

"Inna ta taso?" Yunus ya tambaya.

"Ta taso. Na sa ta a motar Kano, na damƙa ta hannun direba. Daga can zai saka ta motar Wudil, sai Gaya."

Sai Yunus ya ɗaga murya.

"Wudil? Isufu, me ya kai albasar Ghana Wudil? Gayar Dosso nake nufi, ta bakin kogi, inda ake haye gada a shiga Benin."

Isufu ɗan Nijar, haifaffen Nijar, amma ci-rani ya cinye masa kai har ya manta ƙasarsa ma tana da Gaya. Tsohuwa ba ta da waya, lambar direban kuma bai karɓa ba, don a ganinsa gwani ba ya buƙata. In ta tsallaka iyaka ta faɗa cikin Kano, kafin a gano ta a dawo da ita, Yunus ya tashi. Khadija kuwa ba ta da kwanakin jiran wani kamiyon.

Ya damƙo wani ɗan kabu-kabu mai suna Salim, ya haye baya tun mutumin bai gama juya babur ba.

"Ɗan Barto, bakin iyaka. Don girman Allah ka taka."

Suka fita gari, gonakin rake suna wucewa ta gefe. Amalanken shanu ta tare hanya, Isufu ya ji kamar ya sauka ya ɗauke ta da hannu. Can gaba babur ya fara tari, Salim ya karkata shi gefe don sauran man ya gangaro, ya sake tayarwa. Isufu sai salati yake yi. Tsoro yake ji, da kunyar da ta fi tsoron ciwo. Da asuba matar nan ta ɗaure ƙullin kuka da daddawa da za ta kai wa ƙanwarta, ta ce masa, "Kai ka san hanya, ɗana," shi kuma ya gyaɗa kai kamar gaske.

Da suka hango shingen jandarmomi, motar tana can gaba an riga an ɗaga mata sanda. Isufu ya diro yana ɗaga hannu, yana kiran direba da iyakar muryarsa. Ina! Motar ta ƙara wuta ta shige. Wani jandarma ya tare shi da hannu ɗaya a ƙirji, ya ce ya nuna takardarsa, takardar da ya baro a aljihun wata riga a gida.

"Uwata ce a ciki, ranka ya daɗe. Hanyar da ba ita ba na sa ta."

"Wace uwar? Waccan?" Jandarman ya nuna da haɓa.

A gindin dalbejiya, bayan mai sayar da rake, Kande ce zaune a kan ƙullinta, ta juya wa Najeriya baya. Isufu ya ƙarasa ya durƙusa.

"Tun da muka fito na ga hantsi yana dukan kuncina na hagu, alamar kudu muka nufa," ta ce. "Na tambayi direba, Gayar taku akwai gada a kan ruwa? Ya yi mini dariya. Na ce to a shinge zan sauka."

"Inna, ki yafe mini. Ni na ɗauka..."

"Tashi, rana tana yi. Motar Dosso daga Damagaram take tashi, ko ita ma ka canza mata gari?"

Ta miƙa masa ƙullin, ta dafa kafaɗar Salim ta hau babur da kanta, ta gyara mayafi. Sai da ta zauna daram sannan ta dube shi, idonta ya cika da ruwa.

"Ni na raka Khadija har bakin gadar nan ranar da mijinta ya tafi da ita, tana hayewa tana waiwayena. Garin da aka raba ni da ita ne zai ɓace mini?"