Sunan Furuse Tomoe

"Ba zan goge ba, Yallaɓai," na ce wa Nagamine, shugaban sashenmu.

Ya cire tabarau ya dube ni. "Ebihara, a jami'ar taku ba a koyar da jin magana ne? Layi ɗaya ne fa."

Kamfaninmu Tobiuo, mai fitar da wasannin bidiyo a Osaka, zai cika shekara arba'in, aka ba ni aikin rubuta littafin tarihinsa. Wata takwas ina tonon kwalaye a sito. A nan na gano cewa "Kabewa", laƙabin da ke fitowa a ƙarshen wasanninmu shida na farko, mace ce, Furuse Tomoe. A zamanin can laƙabi ake sa wa ma'aikata don kada wani kamfani ya gane su ya janye su. Ita ta zana kifin nan mai fukafukai da yaran ƙasar nan suka tashi da shi, ɗigo bayan ɗigo a kan takarda. Daga baya ta koma wani kamfani. A wurinmu kuwa, wanda ya tafi kamar ba a taɓa yin sa ba. Ni kuma na sa sunanta a littafin, layin da ake so in goge ke nan.

"Manya sun ce kamfani ne ya zana kifin," in ji Nagamine.

"Kamfani yana da yatsu ne, Yallaɓai? Hatiminta na kan kowace takarda."

Ba su kore ni ba, korar ma'aikaci wuya gare ta a nan. Sai aka mayar da ni wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, ba taga, ba kwamfuta, ba aiki. Nan ake ajiye mutum har ya gaji ya rubuta takardar barin aiki da hannunsa.

Na tarar da tsoho Kuwata, wanda ya yi kiɗan wasanninmu goma sha ɗaya.

"Sannu da zuwa, 'yar boko. Wa kika taka?"

"Gaskiya na faɗa, Baba."

"Ayya, naki laifin ya fi nawa. Ni tsufa kawai na yi. Gobe ki zo da matashin kai, kujerar nan ba ta da imani."

Daga tara zuwa shida muke zaune, sannan mu rubuta rahoton abin da muka yi. Kullum nakan rubuta: "Na zauna." A wata na biyar Kuwata ya sa hannu a takardar barin aiki, ya rusuna wa ɗakin, ya fita.

Littafin ya fito, an rubuta cewa "sashen zane" ne ya yi kifin. Na aika wa Furuse wasiƙa. 'Yarta ce ta amsa, ta ce uwar tana gidan kula da tsofaffi, ba ta ma gane 'ya'yanta yanzu.

Ban sa hannu ba, ba kuma zan sa ba. Shekarata biyu a ɗakin nan. Abokan da muka fara aiki tare sun daina gaishe ni a bakin ƙofa, gashina yana zuba, kuma tun ranar da aka sauke ni ban sake rubuta shafi guda ba.